Takalmina Kaɗai Ya Rage a Ƙofar Ɗakin Kwamfuta

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, abin yana cina a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni malamar kwamfuta ce a makarantar sakandare. Ɗakinmu yana can ƙarshen baranda, kuma doka ce a cire takalmi kafin a shiga. Shi ya sa sauran malamai ba sa leƙo ni, wai ba za su tuɓe takalmi don na'ura ba. A da ban damu ba, don da an kaɗa ƙararrawar hutu takalman yara ke cika ƙofar, sai na tsallaka nake shiga.

Bara, ni da ƙafata na yi ta sintiri wurin wani mai kamfanin haɗa manhaja, ina roƙonsa ya riƙa karɓar 'yan ajin ƙarshe suna koyon aiki in an tashi daga makaranta. Da ƙyar ya yarda. To yanzu yaran sun koma can kacokan, ba su da zance sai na ogansu, abin da nake koyarwa kuwa wai ya tsufa. Har yarinyar da na kama hannunta na koya mata riƙe maus na kwamfuta, ta taga take gaishe ni, ko takalmin ba ta cirewa. Ni kaɗai nake cin abincin rana, daga ni sai ƙarar fanka. Maigidana direban babbar mota ne, ba ya zama. Na gaya masa a waya, ya yi ta dariya wai kishi nake da mutumin da ni na nemo.

Yanzu shugaban makaranta ya ce in faɗa masa ko a ci gaba da tsarin. In na ce yana cinye wa yaran lokacin bitar karatu za a soke, kuma ba ƙarya zalla ba ce. Yarana za su dawo. Amma akwai waɗanda aka riga aka yi wa alkawarin aiki. Anti, ya zan yi?

Malama mai kaɗaici

'Yar'uwa, maigidanki ya faɗi gaskiya, dariyar ce bai kamata ya yi ba. Kaɗaici ciwo ne, kuma yaran sun yi rashin kara.

Amma kada ki soke. In suka dawo dole, jikinsu ne zai cika miki ɗakin, kuma ranar da suka gane ke ce sila, ko gaisuwar tagar ba za ki samu ba. Batun lokacin karatu kuwa ki faɗa wa shugaba yadda yake, a rage ranakun zuwa. Ki nemi mai kamfanin ya riƙa zuwa ajinku ku yi darasi tare. Shi ya iya aikin, ke kika iya koyarwa, kuma bai samu yaran da ilimi daga sama ba. Abincin ranar nan kuma ki ɗauka ki kai shi ɗakin malamai, can ba a cire takalmi.

Sannan ki daina jira a ƙofarki. Ki bi yaran zuwa kamfanin, ki ja kujera, ki ce wa yarinyar tagar nan ta nuna miki abin da ta koyo. Wannan karon ki bari ita ta kama hannunki.

Allah Ya yaye miki kaɗaicin, Ya sa albarka a aikinki.