Mesar da Ta Ƙi Cin Abinci a Gidanmu

Akurba, Lafiya,
Jihar Nasarawa.
24 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga ɗana Zulkifilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka a can Indiya. Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sa ka gama abin da ya kai ka, ka dawo mana lafiya. Mu nan duk ƙalau muke. Ruwa yana ta zuba, hanyar unguwarmu ta koma yadda ka san ta a Agusta, amma gonaki sun yi kyau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi. Matarka Aminat ta warware, tana wankanta safe da yamma, tana shan kunun kanwa.

Takwarana kuwa yau kwanansa goma sha bakwai a duniya, kuma hoton waya ba ya nuna shi yadda yake. Kunnuwan naka ne, goshin nawa ne, hancin na gidan su Aminat ne, an dai raba an ba kowa nasa. Tun da aka raɗa masa sunana babu mai iya cewa Ashemi a gidan nan, Abba suke ce masa, ni kaɗai nake kiran sunan kai tsaye. Kullum na dawo daga sallar asuba sai na tsaya a ƙofar ɗakin har a miƙo mini shi. Shekara shida muna roƙon Allah, ga shi ya amsa. Ban san akwai sauran irin wannan daɗin da aka ajiye mini ba.

Abin da ya sa na rubuto maimakon in jira ka kira, maganar mesarka ce, Dunƙula. Duk ranar da ka tambaye ni ita a waya, sai in ce tana nan. Gaskiya ne tana nan, amma ban gaya maka sauran ba, kuma kullum akwai mutane a kusa da ni. Aminat za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ce komai.

Ka tuna kwananta goma kawai a hannunka tafiyarka ta taso. Ka ajiye akwatin gilashin a ɗakin zaure, ka ce in riƙa ba ta ɓera ɗaya duk bayan kwana goma, in kula da ruwanta, ka ce irinta ba ta girma ta wuce tsawon hannu biyu, kuma ba ta da dafi. To, tun daga ranar da ka tafi har ranar da aka haifi takwarana, mako bakwai cif, ba ta ci komai ba. Na kai mata ɓeran farko, ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya. Na biyu ma haka. Na ce wataƙila ɓera ne ba ta so, na sa mata ƙwai. Wani ya ce madara suke sha, na zuba a faranti har ta yi tsami. Na kawo ɗan tsako, ya wuni yana zagaya ta yana kuka, na ji tausayinsa na mayar wa uwarsa.

Ga wanda ya fi damuna. A mako na biyar na samu ɓeran gida mai rai, babba, na saka shi na rufe, na ce idan ta ga babu kowa za ta kama. Da safe na tarar ɓeran ne ya ci ta. Ya gaigaye mata baya a wuri biyu, kowanne kamar faɗin farce. Na wanke da ruwan ɗumi, ciwon ya bushe, amma tabon yana nan. Laifina ne, kuma ranar ma ka kira na ce maka tana nan.

Ban bar ta ta huta ba ko kaɗan, don a tunanina kulawa ke nan. Sau biyar ko shida nake buɗe akwatin a wuni in duba ta, in juya ta, in kunna fitila in ga ko tana numfashi. Ga kuma maƙwabta, duk wanda ya ji akwai maciji a gidan Alhaji Ashemi sai ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin. Da aka yi haihuwa kuwa, masu zuwa barka suka mayar da ɗakin zauren hanya: a shiga a ga jariri, a fito a ga mesa.

Washegarin haihuwa surukarka Hajiya Nana Hadiza ta iso daga Keana da buhun gishirinta da niyyar zama har arba'in. Ashe ba wanda ya gaya mata akwai mesa a gidan. Sai da yamma ta ji mata suna zancen, ta je ta leƙa da kanta, ta tambayi mahaifiyarka me ake ba ta. Ita kuma ta faɗi gaskiya, ta ce rabonta da ci tun tafiyarka. Hajiya ta same ni a tsakar gida, ta gaishe ni da ladabi yadda ta saba, sannan ta ce, “Alhaji, macijin da ya yi wata biyu bai ci ba, wuri yake gyarawa a cikinsa.” Na yi mata bayanin da ka yi mini, na ce bakin wannan ko ƙafar jaririn ba zai ɗauka ba. Ta ce ita ba ta auna bakin maciji ba kuma ba za ta auna da jikanta ba. Za ta haƙura a yi suna a nan saboda mutane, amma ranar Asabar bayan suna mota za ta zo ta kwashe su, ita da Aminat da jaririn, su ƙarasa arba'in a Keana. Na dubi mahaifiyarka ko za ta sa baki, sai ta ce ita ma dama don dai kai ne take kwana a gidan.

Ka ga inda na tsaya. Amanarka tana hannuna tana ramewa, ga kuma takwarana za a ɗauke. Sai na roƙi Hajiya, na ce idan yunwar ce abin tsoro, ta ba ni zuwa ranar suna in ga ko za ta ci. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

A ranar da Hajiya ta iso ne Torkula ya zo barka. Ka san shi, abokina da muka zauna benci ɗaya a ajin yamma lokacin da muke koyon karatu da furfurarmu, mai gonar doya a Adogi. Na kai shi ɗakin zauren. Ya daɗe a tsugune yana kallo, ya taɓa simintin ƙasa da bayan hannu, ya tambayi abin da na ba ta, na lissafa masa. Da na zo kan madara sai da ya zauna don dariya. Ya ce ko na haɗa mata da fura? Ya ce ya sha tono irinta a gona, kullum a ramin ɓera ko cikin tsohon suri yake samunta, inda babu haske kuma akwai ɗumi, ni kuwa na ɗora ta a siminti mai sanyi da damina, cikin gilashi kamar talabijin, duk Akurba na kallo. Ya ce, “Alhaji, kai ka ɗauke shi baƙo, kana ta bisimilla, bisimilla. Wannan ba ya son a gaishe shi. Ka bar shi kawai.”

Shi ya gyara komai da hannunsa. Muka ɗora akwatin a kan benci, ya zuba busasshen ganye a ciki, ya karɓi tsohuwar tukunyar ƙasa a wurin mahaifiyarka ya fasa mata baki ta gefe ya kife, ya sa kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba, muka lulluɓe gilashin da buhu aka bar wurin shan iska. Kafin mu fita ta shige ƙarƙashin tukunyar. Ya ce in kulle ɗakin in ba shi makulli, don ya san ni, ba zan iya haƙuri ba. Na ba shi. Kwana biyar duk wanda ya nemi gani sai in ce makulli ba ya hannuna, kuma ban yi ƙarya ba. Shi kaɗai yake shiga bayan kwana biyu ya canja ruwa ya fito.

Ya kuma gaya mini abin da ban sani ba, wai wadda aka kamo daga daji ɓeran gona ta sani, warin na gida daban ne a wurinta. Ranar Laraba, jajibirin suna, ya dawo daga Adogi da yamma da ɓeran gona wanda tarkonsa ya kama, bai daɗe da mutuwa ba, jikinsa da sauran ɗumi. Ya tabbatar mini ba ya sa guba a gonarsa. Ana kiran magariba ya ajiye shi a bakin tukunyar, ya ja ƙofa. Da safe kafin a taru raɗin suna muka buɗe. Babu ɓera, ga tsakiyar jikinta ya kumbura. Ban san lokacin da na riƙe hannun Torkula ba. Ya ce in sake shi, ba shi ya haɗiye ba.

Bayan an raɗa suna an yanka rago, na aika a kira mini Hajiya, na gaya mata yunwa ta ƙare, mesa ta ci. Ta yi mini barka sosai. Sannan ta ce ko lokacin da mesar take azumi ta ji tsoronta, balle yanzu da cikinta ya buɗe. Motar Asabar tana nan zuwa. Na so in yi gardama, sai na ga ba hujja take nema ba, jikanta take ji wa tsoro, wanda nake ɗauka kullum da asuba. Aminat ma na lura tun da aka haihu ba ta taɓa bi ta ƙofar zauren da shi ba, ta ƙofar baya take zagayawa.

Saboda haka na yanke shawara ban tambaye ka ba. Na roƙi Torkula ya riƙe ta a gidansa, a ɗakin baya inda yake ajiye irin doya, wanda babu komai a ciki yanzu. Ya ce sai ya tambayi matarsa. Matar tasa, Francisca, ta ce ta yarda da sharaɗi ɗaya, ranar da ta nemi tsakonta ko ɗaya ta rasa, daga ni har mijinta za mu san ta. Torkula ya hana a ɗaga akwatin ranar, ya ce idan aka jijjiga ta da cikakken ciki za ta amayar, a jira kwana biyu. Ranar Juma'a bayan la'asar muka ɗauka ni da shi, a ƙafa, don ramukan hanya ba za su bar keke ya tafi a hankali ba. Layi biyu ne kawai amma sau huɗu muna ajiyewa. Wani a bakin shago ya yi mana barka da sabuwar talabijin, muka amsa muka wuce.

Ranar Asabar mota ta zo daga Keana. Hajiya ta shiga ɗakin zauren ta duba bayan ƙofa da ƙarƙashin benci, ta sa aka share aka yi turare. Sannan ta ɗaura wa direba naman suna da gaisuwa, ya koma shi kaɗai. Tana nan tare da mu har arba'in, kuma zamanmu lafiya lau.

Ga halin da ake ciki yanzu, ba zan sake rage maka komai ba. Jiya Torkula ya kai mata ɓera na biyu, ta ƙi. Ya ce canjin wuri ne, a ba ta mako guda a sake gwadawa, ya ce idanunta sun yi fari-fari, mai yiwuwa saɓa za ta yi, kuma a lokacin ba sa ci. Ba ta ƙara ramewa ba, tana shan ruwa. Ni ban san tabbas ba, abin da ya faɗa nake gaya maka. Idan akwai abin da ka sani wanda ya fi wannan, ka rubuto dalla-dalla, zan kai masa mu karanta tare. Idan kuma ka ga gara a mayar da ita daji, ya ce akwai suri a ƙarshen gonarsa inda ba a noma, amma ba zai sake ta ba sai da izininka.

Abu ɗaya ne ba na neman shawararka a kai. Ba za ta dawo gidan nan ba muddin takwarana yana ciki, ko bayan arba'in, ko bayan ka dawo. Na san ka daɗe kana son ka riƙe irinta, kuma a hannuna ka bar ta. Idan ranka ya ɓaci, da ni za ka yi, kada ka ɗora wa Aminat ko mahaifiyarta. Ni na ɗauki akwatin da hannuna na fitar.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci ko da bai yi maka daɗi ba. Aminat da Hajiya Nana Hadiza suna gaishe ka. Torkula da Francisca suna gaisuwa, kuma ya kamata ka kira su ka yi godiya da bakinka. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka Imran. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka, ya raya mana Ashemi ƙarami bisa tafarkin gaskiya.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Alhaji Ashemi Abdulrahaman.