Burodin Malam Ya Tsage

Gumel, daren Laraba, 12 ga Maris, 1975

Yau na sake gwada burodin masarar nan da maigidana, marigayi Malam, ya koya wajen Baturen Fotugal sanda yake masa kuku a Ikko. Sau uku ina ɓata shi, don da na zuba tafasasshen ruwa a garin sai hannuna ya kama tuƙi kamar tuwo. Yau na daure, na bar shi ya huce kafin na sa garin alkama da yis.

Da na buɗe tukunya, maƙwabciyata Inna Hajo ta ce, "Ayya, ya tsattsage, ya lalace."

Na ciro shi daga tukunyar. Haka na Malam yake tsagewa.

Na yanka masa rabonsa, na rufe da faifai, sannan na tuna.