Ta Gida Ce

Daga gindin wata tsamiya, bakin shingen kan iyaka, ɓangaren Nijar.
Ranar Alhamis, bayan azahar.

Zuwa ga Salmatu, sanyin idona, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta ko da ina nesa, ruwan randar da ke kashe mini ƙishi. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da matan da kike karɓa wa haihuwa a asibitin Jibiya. Allah ya ƙara wa hannuwan nan naki albarka.

Kin san inda nake rubuto miki wannan takarda? A kan murfin injin wata farar fijo, wadda ba tawa ba. Na san za ki yi murmushin nan naki na gefen baki, ki ce ai dama. Daga nan ina hango tutarmu a ɗaya shingen, ina hango motocin kasuwa suna shiga Jibiya ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa an tsayar da ni. Jandarma sun ce motar haya ba ta fita ƙasa sai da takardar izini, kuma tunda da sunana aka ɗauke ta, ba zan ajiye ta a bakin hanya in tsallaka da ƙafa ba. Dole in mayar da ita Maraɗi tukuna. Ban yi musu ba. Na nemi inuwa na zauna, don ina da maganar da ta fi saurin mota muhimmanci.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a rumfar tasha, farkon daminar nan? Kina riƙe da jakar aikinki, gefen mayafinki ya jiƙe, ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. A nan kika gaya mini an ba ki canjin wurin aiki zuwa Kaduna, kuma an ce ki sa hannu kafin ƙarshen kaka. Kika zuba mini ido kina jiran abin da zan ce. Ni kuwa, gwanin surutu, malamin da ke cika aji da murya, sai na ce ai Kaduna gari ne mai kyau. Shekara biyu ina zuwa zance wurinki, abin da na iya faɗa ke nan. Kika dube ni ba tare da fushi ba, kika ce komai nawa na haya ne: ɗakina na haya, kekena na aro, har maganata ma ban taɓa yin wadda zan ce tawa ce in tsaya a kanta ba. Na yi dariya a lokacin. Wallahi Salmatu, dariyar ba ta raka ni gida ba.

Da aka ba mu hutu, ga ƙarin albashin nan da ya sa kowane ma'aikaci ya ɗauki kansa attajiri, abokaina suka sayi babur da rediyo. Ni sai na ce yawon buɗe ido zan tafi, in ga ƙasar maƙwabta. Haka na gaya wa mutane. Gaskiyar ita ce guduwa na yi daga idanunki.

A Maraɗi aka kwatanta mini garejin wani dattijo, Malam Arzika, mai bayar da hayar motoci ga baƙi. Ya zagaya da ni jikin fijon yana nuna mini kowane ƙwarzane kamar mai nuna tabon kaciyar jikokinsa, ya ce ƙofar mai zaman banza, wato ta fasinjan gaba, ba ta buɗuwa sai daga waje, ya gargaɗe ni kada in sauka daga kwalta. Daga nan ya tura ni wurin magatakardansa, Kalilu, wani mai tabarau da ke cike takarda da Faransanci. Ya tambayi sunana da aikina da lasisina. Sai ya zo wani layi, ya ce in ba shi sunan wanda za a sanar idan wani abu ya same ni a hanya.

Ina da uwa a Farfaru. Ina da yayye uku, ina da Kawu Bawa wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Amma kafin in yi tunani, bakina ya riga ya ce Salmatu, ungozoma, asibitin Jibiya. Kalilu ya rubuta, ya ɗago kai ya tambaye ni da irin Hausarsu, wai mi kike gare ni. Me zan ce? Ƙanwa? Ƙarya ne. Budurwa? Na ji nauyin dattijon da ke tsaye. Sai na ce ta gida ce, ina nufin mutuniyar wajenmu, wadda aka sani aka saba. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wata gajeriyar kalma kusa da sunanki, ya buga hatimi. Ni da Faransanci kuwa sai kallo. Na sa hannu na karɓi makulli.

Hanyar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Gero ya nuna a gonaki hagu da dama, an fara ɗaure dammuna, raƙuma na tafe a gefen titi ba su damu da kowa ba. Alamomin hanyarsu da kilomita suke, ni kuwa kaina ya saba da mil, sai na ga ina isa kowane gari tun kafin in shirya. Amma duk abin da na gani, sai na juya dama don in nuna miki, in tarar da kujera babu kowa.

A shingen Tasawa wani jandarma ya karɓi takardar, ya karanta, ya sara mini, ya tambaye ni lafiyar Madam Salmatu, da dalilin da ya sa na baro ta a gida. Na ce wace madam? Ya sa yatsa a kan kalmar nan ta Kalilu, ya ce ga shi an rubuta matata ce. Ashe da na ce ta gida, shi Kalilu matar gida ya fahimta. Na buɗe baki zan gyara. Salmatu, hasken zuciyata, na rantse miki na buɗe baki. Sai na ji kalmar ta zauna mini a ƙirji daram, kamar tukunya a kan murhunta, na kasa ɗaga ta. Na ce masa kina lafiya, aiki ne ya riƙe ki.

Daga nan abin ya zama mini jiki. A shinge na gaba na ce kina gaishe su. Kafin in kai Damagaram har na fara ba da labarin yadda ba kya son yaji da yawa a miya, da yadda kike naɗe hannun riga idan za ki yi faɗa. Wata mai sayar da turare a kasuwar can ta taya ni zaɓar wanda ya dace da uwargida, na saya na ɗora a kujerarki, na yi ta tuƙi a hankali kada ya zube. Kwana shida ina da mata a takarda, kuma ban taɓa jin natsuwa irin ta kwanakin nan ba. Wane irin wawa ne sai baƙo mai tabarau ya rubuta masa abin da ke zuciyarsa da harshen da ba ya ji, sannan ya gane?

Shi ya sa na juyo tun hutuna bai ƙare ba. Na so in tsaya da motar a ƙofar asibiti, in zagaya in buɗe miki ƙofar nan da ba ta buɗuwa sai daga waje. Allah bai nufa ba, kuma yanzu na ga hikimar hakan. Da na zo miki da maganar aure a cikin motar haya, ai da na tabbatar da zancenki.

Na san ranar Litinin ce ranar ƙarshe da za ki sa hannu a takardar Kaduna. Ban isa in hana ki ci gaba ba, kuma idan Kadunar kike so, ni zan nemi canji in bi ki, ko makarantar da ke bayan gari ce. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kada ki yanke shawara kina zaton ba ki da kowa a nan. Gobe Juma'a da sassafe zan mayar da mota, in biyo motar kasuwa in dawo. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, Kawu Bawa zai je Riko wurin mahaifinki, idan kin yarda. Na riga na rubuta masa, takardarsa na tare da taki a hannun Inna Hajjo mai nono, wadda ke ratsa shingen nan kullum ba mai tambayarta izini. Na ce kada ta miƙa wa Kawu tasa sai kin karanta taki kin ce ta miƙa. Idan kin ce a'a, ki karɓe ta ki sa a murhu, ba wanda zai ji, kuma ba zan ga laifinki ba, don na daɗe ina sa ki jira.

Ina tsoro, Salmatu. Gara in faɗa miki da bakina. Ina tsoron a ce na makara.

Gobe Malam Arzika zai sake zagaya motarsa ya duba ko na ƙara mata tabo. Zan ba shi makullinsa da tayarsa ta safaya da takardunsa duka, don nasa ne, aro aka ba ni. Kalma ɗaya ce kawai a cikin takardar nan ba zan mayar ba. Kalilu ya rubuta ta bisa kuskure, ni kuwa yau na maimaita ta da sanina, da hannuna, da harshen da ni da ke muke ji: ina so ki zama matata.

Naki, ba haya ba, ba aro ba, har iyakar kwanakin da Allah ya ɗiba mini,

Maharazu