Kanwar da Na Zuba wa Kihi

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiya, ina iyali, ina zaman Damagaram?

Gara ka ji daga bakina. Sabuwar gwamnati ta gina ɗan tabki nan Dogon Dutsi, ta zuba kihi, anka ba ni kiwonsu. Malamin gona ya ce dussa da garin ƙashi sun ishe su, ƙayarsu za ta yi ƙwari. Ni da na tashi cikin shanu, na ce dabba ba ta ƙiba sai da kanwa. Na juye musu buhu guda. Da sahe duk sun taso, ciki sama.

Malamin bai yi hushi ba. Cewa ya yi gaban jama'a, "Ali, ka taɓa ganin kihi da ƙaho?"

Kwanana shida ban taka kasuwa ba. Ka sa ni cikin addu'a. Ka gaida Inna, amma don Allah kada ta ji.

Ƙanenka,
Ali