Takardar da Ta Ci Hannun Ƙanena

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya kawo mana injinan matse rake a yankin Makarfi, Ikara da Kudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Yallaɓai, na gaishe ka ne saboda haka iyayena suka tarbiyyantar da ni, amma zuciyata tafasa take yi. Sau biyu na rubuto wa ofishinku. Amsar da na samu layi biyu ce: kun jajanta, sannan kun ce komai yana rubuce a takardar da ke zuwa da inji. To, a kan wannan takarda zan yi magana, a gaban jama'a.

Sunana Haladu. Na koyar a firamare har na yi ritaya, na koma noman rake a yankin Dandamisa. Duk takardar boko da ta shigo ƙauyenmu ni ake kawo wa. Da ƙungiyarmu ta masu mazarƙwaila ta karɓi injinku, ni aka zaunar a gindin mangwaro na karanta wa mutane bayaninsa. Ƙanena Sale, uwa ɗaya uba ɗaya, shi aka zaɓa ya riƙa tura rake cikin rola, wato ƙarafan nan uku masu juyawa da ke matse ruwan. An zaɓe shi ne don ba shi da garaje.

Na farko, abin da kuka rubuta. Takardar shafi huɗu ce. Uku na Turanci ne, da zane da lambobi. Ɗaya na Hausa, babu zane ko guda. A shafin Hausa kun ce: "A kashe inji kafin a cire abin da ya maƙale." A ƙasa kuma: "Idan akwai gaggawa, a yi amfani da na'urar katse sadarwar juyi." Da na karanta wannan, Malam Iro, shugaban ƙungiyarmu, ya ce, "Malam Haladu, wacce ce na'urar katse sadarwar? Ko waya ce a jikin injin?" Aka yi dariya. Na tashi na duba. Sanduna uku ne a jikin injin, dukansu baƙaƙe, babu mai suna. Na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na nuna wadda ke kashe ƙarar inji na ce ita ce. Wannan laifina ne, kuma da shi zan tsaya gaban Allah. Amma naku ya riga nawa.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar wata Alhamis da hantsi, ana tsakiyar aikin mazarƙwaila, wani lanƙwasasshen rake ya shiga da ganyensa ya cushe bakin rola. Sale ya ce, "Yaya, kashe." Ni da hannuna na ja sandar. Ƙara ta mutu. Muka bi takardarku sawu da ƙafa. Sale ya miƙa hannun dama zai zaro ganyen. Ashe babban wilin ƙarfen nan na gefe bai tsaya ba, nauyinsa yana ci gaba da jan rola a hankali, shiru, ba ƙara. Ta kama bakin hannun rigarsa, ta ja yatsu, ta ja wuyan hannu. Na ji ƙashi yana fashewa da irin ƙarar da rake ke yi, kuma har yau ba na iya tsayawa inda ake shan rake. Jini ya bi ta kwatar da ruwan rake ke bi ya zuba cikin daro. Ni da Malam Iro muka rungumi wilin da hannu, ya sale wa Malam Iro fatar tafi biyu, bai tsaya ba sai da ya ga dama, bayan rola ta kai gwiwar hannun Sale. Sale bai suma ba. Yana kallona, yana salati, muna neman sifana da za mu kwance ƙarafan. Matarsa Hajara ta fito daga gida ba mayafi, ta faɗi a kan tulin ɓawon rake. A asibiti a Zariya aka yanke hannun daga saman gwiwa.

Bayan kwana biyu na ɗauko wani makanike daga Makarfi. Ya durƙusa ya nuna mini gajeriyar sanda a ƙasa, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya daga inda gwiwata take ba a ranar. Ya ce da na taka ta, bel zai saki, birki ya kama, rola ta tsaya nan take. Wannan ce "na'urar katse sadarwar juyi". Ya kuma buɗe shafin Turanci ya nuna mini inda aka faɗa cewa rola na ci gaba da juyawa bayan an kashe inji. An faɗe shi da kalma ɗaya ta injiniyoyi, wadda ni da na koyar da Turanci a aji shida ban taɓa cin karo da ita ba. A shafin Hausa kuwa ba a ma kawo zancen ba. Kun gargaɗi makanike, wanda ya riga ya sani. Kun bar mai sa hannu.

Na uku, abin da aka yi wa wakilinku. Mako na zagayowa, Nuhu, wakilinku na wannan yanki, ya zo duba injin. Mutane suka kewaye shi. Maimakon ya yi shiru, sai ya ce, "Ai an rubuta. Laifin wa ne in ba ku iya karatu ba?" Bai rufe baki ba aka kwaɗa masa sandar rake a ƙeya. Aka kayar da shi, aka hau shi da duka, da takalmi da itacen wuta. Wani ya ɗauko ludayin ƙarfe da ake juya tafasasshiyar mazarƙwaila da shi. Aka farfasa babur ɗinsa. Na ga za a yi kisa, na kwanta a kansa, itacen da aka kai masa ya same ni a baki. Haƙorana biyu na gaba a wurin suka zube. Ba na kare wannan duka. Zalunci ne, na kuma faɗa wa mutanenmu haka a masallaci, domin ba Nuhu ya rubuta takardar ba. Amma ka san wani abu, Yallaɓai? Da ake ɗinke masa kai, na tambaye shi ya nuna mini a zane wacce ce na'urar katse sadarwar juyi. Ya ce shi ma bai sani ba.

Na huɗu, ni malami ne, bari in koya muku abin da ya kamata ku sani. Bayani ba ya zama bayani sai wanda aka yi dominsa ya gane. Makanike yana son sunan ƙarfe da awo da lamba, ku ba shi nasa. Mai tura rake abu uku yake buƙata: mene ne abin, ina yake, yaushe zai taɓa shi. Da kun rubuta, "Kashe ƙara ba ya tsayar da rola. Kada ka sa hannu sai ka ga babban wili ya tsaya cik. In rola ta kama mutum, taka gajeriyar sandar da ke ƙasa ta hannun hagu," da yau Sale yana daddatsa rakensa. Jimla uku. Ban je jami'a ba, a zaune ɗaya na rubuta su. Wanda ya fassara muku takardar ya ɗauki kalmomi ɗaya bayan ɗaya ya sauya musu riga, bai taɓa tsayawa kusa da inji yana aiki ba, ku kuma ba ku karanta wa ko manomi ɗaya ba kafin ku buga.

Ga buƙatuna.

Ku janye wannan takarda daga duk inda injinku yake. Na je Kurmin Kogi, na je Furana, na tarar ita ce dai a hannun mutane, kuma a wurare biyu sandar da suka nuna mini ba ita ba ce.

Ku sake rubutu kashi biyu, na makanike daban, na mai aiki daban. Na mai aiki ya zama da Hausar da ake yi a gona, da zane babba, da boko da ajami, domin da yawa daga dattawanmu ajami suke karantawa. Ku naɗi bayanin da murya don a tura ta waya ga wanda ba ya karatu ko ɗaya. Kafin ku buga, ku karanta wa mutumin da bai taɓa ganin injin ba, ku ce ya nuna sandar. In ya yi kuskure, takardar ce ta faɗi, ba shi ba.

Ku shafa wa sandar nan jan fenti, ku fara da koya wa wakilanku.

Sannan kai da kanka, ba saƙo ba, ka zo ka ga Sale, ka janye maganar cewa komai yana rubuce.

Ina roƙon Allah Ya tsare ka da iyalinka daga irin abin da idona ya gani, Ya ba ka ikon gyarawa kafin rake ya sake nuna, Ya yafe mana baki ɗaya. Na karanta wa Sale wannan wasiƙa daga farko har ƙarshe. Ya ce kada in aika sai ya sa hannu. Tabon tawadar da za ka gani kusa da sunana nasa ne, da babban yatsan hagu ya dangwala.

Wassalam.

Malam Haladu,
tsohon malamin firamare, manomin rake.