Littafin Surukina Nake Hura Wuta da Shi, Shi Kuwa Yana Zaton Karantawa Ake Yi

Anti Kerttu,

Don Allah ki cece ni kafin sha huɗu ga watan gobe. In ranar ta zo ban yi wani abu ba, akwai dattijon da zai sayar da ɗan gandun dajinsa a kan ƙaryar da na shara masa. Na canza sunaye, ke ma kada ki sa nawa a jarida.

Ni direban bas ne, shekarata hamsin da biyu, ina jigila tsakanin ƙauyenmu da garin Kajaani. Surukina, a ce sunansa Aulis, ya yi shekara arba'in yana aiki a ƙungiyar masu madara ta ƙauyen. Da ya ajiye aiki sai ya zauna ya rubuta tarihin ƙungiyar, shafi ɗari huɗu da sha biyu, har da sunayen shanun da suka ci gasa. Ya buga kwafi ɗari shida. Dangi suka karɓi kamar talatin don kara, fasto ya karɓi ɗaya. Sauran aka jibge mini su a rumfar itace, wai na sati biyu. Shekara sha ɗaya ke nan.

Ki fahimce ni, ba rana ɗaya na lalace ba. Kwalayen da ke ƙasa danshi ya kama su, ɓeraye kuma suka yi gida a ciki har suka hayayyafa. Wata Asabar na je hura wutar ɗakin sirace, inda muke wankan tururi duk mako, itacen ya jiƙe, babu tsohuwar jarida ko ɗaya. Na ga littafin da ɓera ya riga ya cinye masa babi uku, na ce ai wannan ya mutu, jana'iza kawai zan yi masa. Anti, ban taɓa ganin takarda mai kama wuta kamar ta Aulis ba. Ashana ɗaya. Da na gama da masu ruɓa sai hannuna ya saba. Bangon kuwa mai kauri ne, da shi nake kankare ƙanƙara daga gilashin mota, biyu kuma suna ƙarƙashin ƙafar injin wanki don ya daina rawa. Shafukan hotuna ne kawai ba su da amfani, hayaƙi suke yi.

Matata Marketta ba ta sani ba. Malamar makaranta ce, kuma a wurinta littafi kusan mutum ne. Ba ta naɗe kusurwar shafi, ba ta kifa littafi a buɗe, sai ta wanke hannu kafin ta taɓa. Na taɓa ɗora kofin gahawa a kan wani ƙamus ɗinta, ta yi kwana biyu tana magana da karenta a maimakona. Tana koya wa yara cewa azzalumai ne kawai suke ƙona littattafai, har hotunan tarihi take nuna musu. Wannan matar ce take shiga sirace duk Asabar, ta miƙe ƙafa, ta ce kai, zafin yau ya yi daɗi, ba ta san tarihin ubanta ne ke gasa ta ba. Littafin kuwa ita ma ba ta taɓa wuce gabatarwa ba. Kwafinta yana nan a kan kantar littattafai cikin leda, fes.

To, ga inda abin ya kwaɓe. Bara waccan uwar Marketta ta rasu, Aulis ya zama kamar kujerar da yake zaune a kai. Ba ya aski, ba ya magana. Muka riƙa ɗauko shi ranar Asabar ya yi sirace tare da mu. Wata rana ya leƙa rumfar, ya ga kwalaye sun ragu, ya tambaye ni ina littattafansa. Bakina ya riga hankalina, na ce masa sun bazu a gari. A lokacin hayaƙin babi na bakwai yana tashi a bisa kanmu, don haka ban ɗauki abin ƙarya sosai ba. Ya ce ta yaya? Na ce fasinjoji nake raba wa kyauta. Dattijon nan ya dafa ƙofa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Ashe ana karantawa, yaro?” Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ce mini yaro ba.

Daga nan kullum sai ya tambayi me masu karatu suke cewa. Nan ne wani abin kunyar ya yi mini rana. Kin san wuta tana ɗaukar lokaci kafin ta kama itace, kuma mutum a tsugune ba shi da abin yi, sai in karanta shafin kafin in cusa shi. A haka na karance littafin ban san sau nawa ba, a hargitse. Na san shekarar da injin man shanu ya fashe. Na san rigimar da aka yi kan motar tankin madara. Babi na tara kuma, inda yake ba da labarin matan da suka riƙe ƙungiyar a shekarar yunwa suna jan madara a kan ƙanƙara da ƙafa, wallahi ya iya rubutu. Sau biyu ina mayar da shafin aljihu na kasa ƙonawa. Sai na ƙirƙiro masa wata mata daga garin Oulu, na ce ta yi kuka a babi na tara. Na ƙirƙiro wani tsohon soja da ya ce babi na huɗu ya cika lissafin lita, a rage. Aulis ya yi fushi da sojan sati guda, daga baya ya ce yana da gaskiya.

Yanzu mutumin ya farfaɗo. Ya yi aski, ya sayi sabon tabarau, ya rubuta littafi na biyu. Ya ce tunda na farko ya kusa ƙarewa, wannan kwafi dubu zai buga, kuma zai sayar da dajin da ya gada don ya biya maɗaba'a. Sha huɗu ga wata zai sa hannu. Ya nuna mini shafin farko, ni ya sadaukar wa littafin. Kuma yana so in gayyato matar Oulu bikin cikarsa tamanin, ya ce zai zaunar da ita kusa da shi.

Na yi tunanin in ce ta mutu. Na yi tunanin in roƙi wata abokiyar aikina ta zo a matsayinta, amma da ta ji dole sai ta karanta littafin, ta ce gara a kore ta daga aiki. Kwali huɗu suka rage, kuma na daina taɓa su, sai dai wani lokaci in itace ya jiƙe ƙwarai.

Anti, ni mugu ne? Littafin da ba a karantawa, yana ruɓewa a rumfa, ya fi wanda ya ɗumama mutane daraja? In na faɗi gaskiya ina tsoron dattijon zai koma kujerarsa, Marketta kuma ta koma wa karenta har abada. In na yi shiru daji zai tafi, a sake jibge mini kwafi dubu. Me zan yi?

Mai Hura Wuta

*

Mai Hura Wuta,

Ka canza sunaye, sannu da ƙoƙari. Direbobin bas nawa kake jin suna da surukin da ya rubuta tarihin madara? Duk wanda ya san ku ya gane ka tun a layi na biyar, saboda haka ka ajiye jaridar nan ka nemi Marketta yau, kafin maƙwabciya ta riga ka.

Ba mugu ba ne kai. Matsoraci ne mai taushin zuciya, kuma irinku kun fi mugaye jawo rikici a gida. Kan ƙona takardar ba zan rataye ka ba. Masu buga littattafai da kansu suna niƙe waɗanda suka yi kwantai, ɗakunan karatu suna zubar da tsofaffi, ba wanda ya kira su azzalumai. Waɗanda matarka take nuna wa yara hotunansu sun ƙona littafi ne don su toshe bakin marubuci. Kai sanyi ne ya dame ka. Amma kada ka raina abin da take ji. Mutum ya zuba shekarunsa a cikin littafin nan, kuma ba naka ba ne, ajiya aka ba ka. Da ka ce masa ɓeraye sun shiga, ya zo ya kwashe ko ya yarda a ƙona, da ba mu zo nan ba. Ka bar ta ta yi fushinta, kada ka kawo mata zancen kwafinta da ke cikin leda a ranar farko, ko da yake ni ma na lura.

Laifin da ya fi girma shi ne dattijo zai rabu da dajinsa don masu karatun da babu su. Wannan ba ya jiran biki. Ka je gidansa cikin satin nan, kai kaɗai, da rana, ka faɗa masa a jere: danshi, ɓeraye, ashana, ƙarya. Kada ka yi wasa da maganar, kada ka kare kanka. Sannan ka gaya masa abin da kai ba ka ɗauka da muhimmanci ba, cewa matar Oulu kai ne, sojan ma kai ne. Kana tsoron ya gano ba shi da masu karatu. Yana da ɗaya, wanda ya san shekarar da injin ya fashe, ya yi masa gyara mai amfani, ya ɓoye babi na tara a aljihu. Marubuta da yawa sun mutu ba su samu ko wannan ba. Ba ƙaryarka ce ta tashe shi daga kujera ba, hirar littafinsa da yake yi da wani duk Asabar ce, kuma ita ba sai ta tsaya ba.

Littafi na biyu a buga kwafi talatin, ana yin haka yanzu ba tare da an sayar da ko reshe ba. In sun ƙare a ƙara. Kwalaye huɗun nan ka sa su a bas ɗinka da gaske, in wurin aikinka sun yarda, da 'yar takarda cewa kyauta ne. Ka roƙi ɗakin karatun ƙauye su ba shi yamma ɗaya ya karanta babi na tara, jikokin matan nan suna nan da rai, za su zo. Sadaukarwar kuwa ka bar masa ya yanke, bayan ya ji komai.

Mai yiwuwa ya yi wata guda bai ce maka uffan ba. Ka jure. Dattijan yankinku sukan yi shirun wata guda ko da suna murna, don haka kada ka yi saurin fassara shi. Ka ci gaba da zuwa ƙofarsa ranar Asabar kana ajiye mota, ko ya fito ko bai fito ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Marketta, ya ba Aulis tsawon kwanan rubuta na uku, kai kuma ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar.

Anti Kerttu