Kusurwar Tsintar Wake

Maamobi, Accra
Watan Maris, 1984

Zuwa ga 'yar'uwata Husseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigida da yara da duk mutanen Damagaram. Mu nan sai godiya. Yunwar bara ta fara sassautawa, an soma ganin doya a kasuwar Nima. Baba Mahama yana fama da gwiwarsa, amma har yanzu bai yarda ya tsufa ba. Ɗakinmu kuwa yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini faɗi. Har yau nakan auna shinkafar mutum biyu, sai na ɗora tukunya in tuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wata yarinya ce a ajina mai suna Nafi. Suna cikin waɗanda aka koro daga Legas bara, uwarta kuma ta rasu bayan isowarsu. Uban yana jan tirotiro, motar hayar nan, tsakanin Circle da Madina, ita tana wurin kakarta a Kotobabi. Husseina, ban taɓa ganin fushi irin na yarinyar nan ba. Daga an taɓa ta sai ihu da jifa da allo, har ta taɓa cizon wata. Shugaban makarantarmu Malam Seidu ya kira ni ya ce bulala ta gaza, kuma iyaye sun fara ƙorafi, don haka in ta sake ji wa wani ciwo kafin hutu, sallamarta zai yi. Na san in ta bar aji, tiren talla ne ke jiranta a tasha.

Da yake ruwa ba ya tsami banza, na zuba mata ido. Ashe bencinta yana bakin ƙofa, inda ƙahon manyan motoci ke razana ta, ga yara a bayanta suna ja mata ɗankwali. Na mayar da ita can ciki, na jera bencunan ajin kamar bakin ƙwarya yadda kowa ke ganin fuskar kowa. Daga nan na tuna da Inna. Kin tuna in mun yi faɗa ba ta dukanmu, sai ta tura mai fushin bayan randa da faifan wake ta ce a tsince? Yawanci ni ce, ba sai kin yi dariya ba. Na ja kabad na yi lungu, na shimfiɗa tabarma, na rataya zanen Inna mai ruwan bula, na ajiye faifai da ɗan wake. Saboda tsadarsa, kullum nakan mayar da tsakuwar in sake cakuɗawa. Na gaya wa yara ba wurin horo ba ne, duk wanda zuciyarsa ta tafasa ya shiga ya huce.

Ya yi wa sauran yara amfani, amma ban da Nafi. Ranar da ta fara shiga ta watsar da waken, ta fito ta fi da zafi. Malam Seidu ya leƙo ya tambaya ko aji nake koyarwa ko gidan abinci na buɗe. Da aka tashi na shiga lungun ina tattara wake, na zauna ina tsinta ko zan gane inda na kuskure. Na tsince shi tas, raina bai yi sanyi ba. A nan na gane ba wake ne ke hucar da ni ba a da. Ke ce kike saɗaɗowa in Inna ta juya, ki zauna ki jingina bayanki da nawa, ba ki cewa uffan. Wallahi na yi kuka a ajin nan har aka kira la'asar.

Washegari na ƙara tabarma, na ce lungun na mutum biyu ne, sharaɗin kawai ban da magana. Da Nafi ta fusata ta shiga lungun, Mulikatu, wadda Nafi ta ciza ɗin nan, ita ta tashi ta bi ta. Na ƙyale su, na ci gaba da darasi. Da na ɗaga zanen, na tarar da su baya da baya, Nafi na tsintar wake hawaye na zuba. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. Jiya Malam Seidu ya ce ta ci gaba da karatunta, har yana tambayar ko akwai wani zanen don ajinsa.

Ki gaishe da maigida Malam Issah, da Nashiru da 'yar lelena Zuera. Baba Mahama da Goggo Abiba suna gaishe ki. Zumunci a ƙafa yake, Husseina. Ki roƙi izini ki zo Babbar Salla, don in an tashi makaranta ni ma nakan shiga lungun, kuma bango ne kawai a bayana.

Taki har abada,
Asana